1888: Shekarar da Guguwa Ta Riga Gargaɗi Isowa

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A filayen tsakiyar Amurka, safiyar Alhamis 12 ga Janairun 1888 ta ƙaryata wannan magana. Bayan kwanaki ana fama da sanyi mai ratsa ƙashi, gari ya waye da ɗumi a yankin Dakota da jihohin Nebraska da Minnesota. Iska mai laushi tana busowa daga kudu, ƙanƙarar da ta daskare a kan rufin gidaje ta fara narkewa tana ɗiga. Manoman da suka daɗe a kulle cikin ɗaki suka fito da shanu, wasu suka ɗaura keken doki suka tafi ɗebo harawa ko sayayya a gari. Iyaye suka tura yara makaranta, da yawansu ba tare da manyan rigunan sanyi ba.

Kafin azahar ta yi a wasu wurare, kafin la'asar a wasu, wani baƙin bango ya taso daga arewa maso yamma da ruri irin na jirgin ƙasa. Cikin 'yan mintoci iska ta juya, sanyi ya sauka, sararin sama ya cika da dusar ƙanƙara mai laushi kamar garin tuwo, tana shiga ido da hanci tana daskare gira. Hazon hunturu mafi kauri yakan bar mutum ya ga bishiyar ƙofar gidansa. Wannan kuwa ya hana mutane ganin tafin hannunsu. Washegari ma'aunin zafi ya nuna digiri 30 ƙasa da sifili, har fiye, a wurare da dama. Adadin da aka fi ambata na waɗanda suka mutu shi ne 235, kuma wasu masana tarihi na ganin ya haura haka. Da yawa daga cikinsu yara ne da guguwar ta tarar a makaranta ko a hanyar komawa gida, shi ya sa har yau ake kiranta Guguwar Yara.

Wata biyu cif bayan haka, wata guguwar ta binne Niyok da garuruwan gabar tekun Atilantika. Ita ma da kyakkyawan yanayi ta fara sallama. Ita ma hukumar hasashen yanayi ba ta sanar da zuwanta a kan lokaci ba. Waɗannan guguwowi biyu na shekara guda sun bar tambayar da ba ta tsufa ba: tsakanin guguwa da labarin zuwanta, wa zai riga isa ga mutumin da ke shirin fita daga gida?

Ɗumin da ya zama tarko

Ɗumin safiyar 12 ga Janairu ɓangare ne na guguwar, goshinta ne. Guguwar hunturu a waɗannan yankuna takan ƙullu ne a inda nauyin iska ya ragu ƙwarai, sai iskar kewaye ta riƙa kwararowa wurin tana juyawa. A gaban wannan cibiya, wato gabas da kudu da ita, iskar da ake jawowa daga kudu take, mai ɗumi da laima daga Tekun Meziko. A bayanta kuwa iskar arewa ce, busasshiya mai tsananin sanyi daga Kanada. Yayin da cibiyar ke tafiya, gari yakan fara shan ɗumin gaba, sannan sanyin baya ya faɗo masa. Iyakar da ke tsakanin iskokin biyu takan yi kaifi har bambancin ya zama na mintoci.

Shimfiɗar ƙasar ma ta taimaka. Manyan duwatsun yammacin Amurka daga arewa zuwa kudu suka miƙe, don haka babu wani shinge da ya gitta tsakanin ƙanƙarar arewa da ɗumin kudu. Filin kuma fetal yake, babu bishiyoyin da za su rage wa iska ƙarfi. Dusar da ta riga ta kwanta a ƙasa tun kwanakin baya, iska ta kwashe ta ta haɗa da wadda ke saukowa.

Mutanen da abin ya rutsa da su akasari baƙi ne a wurin. Dokar rabon filaye ta 1862 ta yi alkawarin eka 160 ga duk wanda ya zauna ya noma ta shekara biyar, sai iyalai daga Norwe da Jamus da daular Rasha da gabashin Amurka suka kwararo. Gidajensu a warwatse suke, makarantunsu ɗaki guda ne a tsakiyar fili, malamansu sau da yawa 'yan mata ne da ba su kai shekara ashirin ba. A kan waɗannan malamai ne hukunci mafi nauyi ya faɗo a ranar: a tsare yara a ɗakin da makamashinsa ke ƙarewa, ko a fita da su neman gida mafi kusa.

Minnie Freeman, a yankin Mira Valley na Nebraska, ta ga iska ta ɓalle ƙofar makarantarta ta yaye wani sashe na rufin. Ta fita da ɗalibanta fiye da goma, ta kai su wani gida, babu wanda ya salwanta, jaridu suka mayar da ita gwarzuwa. Lois Royce, kusa da garin Plainview, makamashi ne ya ƙare mata. Ta fita da yara uku zuwa gidan da take zaune, wanda nisansa bai kai mita ɗari ba, suka ɓace a tsakani. Yaran uku suka mutu cikin dare, ita kuma ta rayu amma aka yanke mata ƙafafu. Shawara iri ɗaya suka yanke. Abin da ya raba su bai wuce 'yan taku da suka karkace ba.

Hasashe a hannun soja

A lokacin Amurka tana da hukumar lura da yanayi. Majalisar Dokoki ta kafa ta a watan Fabrairun 1870, zamanin Shugaba Ulysses Grant, musamman saboda yawan jiragen ruwa da ke nutsewa a manyan tafkunan arewa. Aka ɗora aikin a kan sashen sigina na rundunar soja, bisa tunanin cewa sojoji ne kaɗai za su iya duba ma'auni a kan lokaci ba fashi. Sau uku a rana, ma'aikata a tashoshi daban-daban sukan auna zafi da nauyin iska da inda take fuskanta, su aika ta wayar tangaraho. A ofis a zana alƙaluman a kan taswira, jami'i ya duba ya kwatanta da abin da ya saba gani, ya rubuta hasashe.

Shugaban sashen a 1888, Janar Adolphus Greely, ba baƙon sanyi ba ne. Shi ne ya jagoranci tawagar mutum 25 zuwa ƙuryar arewacin duniya a 1881, inda shida kacal suka tsira. 'Yan watanni kafin guguwar Janairu ya tura Laftanar Thomas Woodruff zuwa birnin Saint Paul na Minnesota domin ya riƙa hasashen yankin daga kusa. Woodruff ya ga nauyin iska na faɗuwa a arewa maso yamma, ya kuma yi hasashen dusa da sanyi, amma a daren Laraba bai ba da umarnin gargaɗin saukar matsanancin sanyi ba. Sai ranar Alhamis umarnin ya fita, lokacin da guguwar ta riga ta kama hanya.

Ko da ya fita da wuri, akwai wata matsalar. Gargaɗin tuta ce, fara mai baƙin murabba'i a tsakiya, da ake ɗagawa a tashoshin hukumar da wasu garuruwan da ke kan layin dogo. Sai kuma sanarwa a jarida da allon gidan waya. Manomin da ke nisan tafiyar yini daga tasha ba zai ga tuta ba. Malamar da ke tsakiyar fili ba ta da waya. Saƙon ya ƙare a inda igiyar tangaraho ta ƙare, kuma mafi yawan waɗanda suka mutu suna can gaba da ƙarshenta. Ga su, gargaɗin ihu ne bayan hari.

Maris: birnin da ya yarda da kansa

Mazauna Niyok sun karanta labarin Dakota a jarida, har suka tara gudummawa ga malaman da suka jikkata, amma a matsayin abin da ke faruwa a daji. Birninsu yana da jiragen ƙasa da ke tafiya a kan gadoji sama da tituna, yana da gadar Brooklyn da aka buɗe a 1883, samansa kuma ya cika da igiyoyin tangaraho da tarho da lantarki, jere a kan dogayen turaku kamar saƙar gizo-gizo. Ranar Asabar 10 ga Maris gari ya yi daɗi, alamun bazara sun fara bayyana. Hasashen Lahadi ya ce za a yi gajimare da ɗan ruwa, sannan gari ya washe. Ofishin hukumar na birnin ya rufe da tsakar daren Asabar saboda hutun Lahadi, ba a koma ba sai yammacin ranar.

Abin da taswirar hukumar ba ta nuna ba yana faruwa ne a kan teku. Wata cibiyar ƙarancin nauyin iska da ta ratso jihohin kudu ta fita teku ta gabar Carolina, ta hau kan igiyar ruwan ɗumi da ke malala arewa a gefen wannan gaɓa. Ɗumin ruwan da sanyin da ke saukowa daga Kanada suka haɗu, guguwar ta yi ƙarfi cikin sauri. Babu tasha a teku, kuma jiragen ruwa ba su da rediyo a lokacin, don haka matuƙan da suka ga ma'auninsu na faɗuwa ba su da hanyar gaya wa kowa. Ranar Lahadi ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya a Washinton da Niyok. Da dare ruwan ya fara daskarewa a kan igiyoyi, nauyi da iska suka kayar da turaku, babban birnin ƙasar ya yanke daga sauran garuruwa. Hukumar da aikinta ya dogara kacokan a kan waya ta zama kurma kuma bebiya a daren da aka fi bukatarta.

Jim kaɗan bayan tsakar dare, ruwan Niyok ya rikiɗe ya zama dusa. Da asubahin Litinin 12 ga Maris iska na kaɗawa da ƙarfin da ke kayar da mutum. Duk da haka dubban ma'aikata suka fita, domin a wancan zamani wanda bai je aiki ba ba shi da ladan ranar, wataƙila ma ya rasa aikin. Jiragen sama da titi suka maƙale a kan gadojinsu da fasinjoji kimanin 15,000, wasu masu tsani suka riƙa karɓar kuɗi kafin su sauko da mutane. Kasuwar hannun jari ta rufe kwana biyu. Madara da kwal da burodi suka yanke. Ranar Talata zafi ya sauka zuwa digiri 14 ƙasa da sifili. Roscoe Conkling, tsohon sanata kuma ɗaya daga cikin manyan 'yan siyasar jihar, ya ƙi biyan kuɗin da mai keken doki ya tsuga masa, ya taka da ƙafa daga ofishinsa, ya maƙale a cikin tarin dusa a dandalin Union. Ya fita da kyar, ya kwanta ciwo, ya mutu a watan Afrilu.

Fiye da mutum 400 ne suka mutu, kimanin rabinsu a Niyok, kusan 100 kuma ma'aikatan jiragen ruwa ne, domin jirage kusan 200 sun nutse ko sun kife ko sun tuƙe a gaɓa. Na ɗan lokaci, saƙo tsakanin Boston da Niyok sai ya bi ta igiyar ƙarƙashin teku zuwa Landan sannan ya dawo.

Siririyar iyaka tsakanin ruwa da dusa

Abin da ya fi ɗaure wa masu hasashe kai a guguwar Maris shi ne yadda ta raba kayanta. Maimakon ta wuce, ta tsaya tana kewaya kusa da gabar kudancin New England kusan kwana biyu. Niyok ta sami dusa kimanin santimita 53. New Haven ta sami kusan 114, Albany kusan 120, Saratoga Springs kuwa 147. Iska ta tara ta tsibi-tsibi har ta rufe benaye a wasu unguwanni. Amma Boston, wadda ta fi kusa da cibiyar guguwar, ta tsira da abin da bai kai haka ba ko kusa, domin tana ɓangaren da iskar teku mai ɗan ɗumi ke shigowa, sai rabonta ya zama gaurayen ruwa da dusa da caɓi.

Dalilin yana cikin bambancin digiri ɗaya ko biyu. Kusan duk abin da ke zubowa daga irin wannan gajimare a matsayin dusa yake farawa. In iskar da ke ƙarƙashinsa tana ƙasa da sifili har zuwa doron ƙasa, dusa ce za ta iso. In akwai shimfiɗar iska mai ɗumi mai kauri, za ta narke ta zama ruwa. In ta narke a sama sannan ta tarar da sanyi dab da ƙasa, sai ta daskare a kan duk abin da ta taɓa, kuma wannan ne ke kayar da igiyoyi da bishiyoyi. Ga kuma lissafin yawa: ruwan da zai auna santimita ɗaya, in ya sauko a matsayin dusa yakan kai kimanin santimita goma. Don haka kuskuren kilomita 80 a hanyar da cibiyar guguwa za ta bi ya isa ya mayar da ranar ruwan sama ta yau da kullum ranar da birni zai tsaya cik. Jami'an 1888 suna auna iskar da ke doron ƙasa ne kawai. Abin da ke faruwa a sama, inda ake yanke wannan hukunci, a rufe yake gare su.

Abin da ya biyo baya

Niyok ta fara da igiyoyi. Tun 1884 akwai dokar jiha da ta ce a binne su, kamfanoni suka yi ta jan ƙafa. A 1889 sabon magajin gari, Hugh Grant, ya tura ma'aikata da gatura suka fara sare turakun. Maganar jirgin ƙarƙashin ƙasa ita ma ta girmi guguwar, amma ganin jirage a sandare a sama da titi ya ƙara wa masu goyon bayanta hujja. Boston ta buɗe nata a 1897, Niyok a watan Oktoban 1904.

Hukumar yanayi ma ta canza gida. An daɗe ana ƙorafin cewa aikin kimiyya bai dace da tsarin bariki ba, kuma abin da ya faru a 1888 bai taimaki masu kare sojoji ba. A watan Oktoban 1890 Majalisa ta zartar da dokar mayar da aikin hannun farar hula, daga 1 ga Yulin 1891 ya koma ƙarƙashin Ma'aikatar Noma.

Sanin yadda guguwar take kuwa ya ɗauki lokaci fiye da haka. Sai wajen 1919 masana a birnin Bergen na Norwe, ƙarƙashin Vilhelm Bjerknes da ɗansa Jacob, suka fayyace cewa irin waɗannan guguwowi a kan iyakar iska mai sanyi da mai ɗumi suke haihuwa, suka kuma ara wa iyakar suna daga fagen daga na Yaƙin Duniya na Ɗaya. Rediyo ya ba jiragen ruwa baki. Balan-balan masu ɗauke da ma'auni suka fara kawo labarin sama. A 1950 aka yi hasashen farko da kwamfuta, a 1960 aka harba tauraron ɗan'adam na lura da yanayi na farko da ya yi nasarar ɗauko hotunan gajimare. Sakamakon ya bayyana a watan Maris na 1993, shekara 105 cif bayan guguwar Niyok, lokacin da wata gagarumar guguwa ta ratsa gabashin Amurka: an hango ta kwana biyar kafin ta iso.

Tazarar da ta rage

Duk da haka matsaloli biyun 1888 ba su gushe ba, ƙanƙancewa suka yi. Ta farko ita ce siririyar iyakar nan. A ƙarshen Janairun 2015 aka yi hasashen dusa mai kaurin santimita 60 zuwa 90 a Niyok. Gwamna Andrew Cuomo ya rufe jirgin ƙarƙashin ƙasa, karo na farko da aka yi haka saboda dusa, wato jirgin da aka gina don ya fi ƙarfin irin wannan rana. Guguwar ta ɗan karkata gabas. Niyok ta sami kimanin santimita 25, Boston ta sami fiye da 60. Hasashen ya yi daidai a kan girman guguwar, ya kuskure a kan adireshinta, kuma mutanen da aka hana fita suka yi ta gunaguni. Kowane irin wannan kuskure yana rage nauyin gargaɗi na gaba a kunnen jama'a.

Ta biyu ita ce tazarar da ke tsakanin sanarwa da ƙofar gida. A watan Disamban 2022 masu hasashe sun faɗa tun kwanaki kafin lokaci cewa birnin Buffalo zai ga guguwar da ba a saba gani ba, domin iska mai tsananin sanyi za ta bi ta kan Tafkin Erie da bai daskare ba, ta kwashi laima ta juye a kan birnin. Haka kuwa aka yi. Amma dokar hana tuƙi ba ta fara aiki ba sai da safiyar Juma'a 23 ga wata ta yi nisa, bayan mutane da yawa sun riga sun tafi aiki ko sayayyar Kirsimeti. Fiye da mutum 40 suka mutu, wasu a cikin motoci, wasu a kan titi, wasu a gidajen da wuta ta ɗauke. Kowa yana da waya a aljihu, saƙon ya isa. Abin da bai isa ba shi ne izinin zama a gida ba tare da asarar ladan rana ba, irin lissafin da ya fitar da ma'aikatan Niyok ranar Litinin ɗin 1888.

A zauren majalisar jihar Nebraska da ke Lincoln akwai wani babban zane a bango da aka yi don tunawa da guguwar Janairu, yana nuna malama da jerin yara a cikin farin duhu. Yau malamar da ke irin matsayinta za ta san da zuwan guguwa tun kafin ta kwanta barci, wataƙila ma tun farkon mako. Abin da bai canza ba shi ne cewa wani ne zai yanke hukunci, da sassafe, yayin da gari yake da daɗi kuma babu alamar komai a sama, ko a buɗe makaranta ko a bar yara a gida.